Japhet da Rumbun Hotunan Kefas

Ina da wani ɗan hali da na kasa rabuwa da shi: ina son zama a bakin shagon mai sana'a in riƙa ba shi shawara a kan aikin da ban taɓa yi ba. Teloli sun kore ni da dabara. Wani bakanike a tasha ya taɓa miƙo mini sifana ya ce in gwada da kaina. Mutum ɗaya ne a Zuru ya haƙura da ni shekara da shekaru, har ya ajiye mini benci, shi ne Japhet mai gyaran kwamfuta, wanda a unguwa ake kira Baban Alice. Yanzu idanunsa sun fara gajiya, ya ce da zarar damina ta sauka zai rufe shago ya koma gonarsa a Manga. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na gani daga kan bencin nan, tun kafin a ɗauke shi.

Da safe Japhet ba ya taɓa kowace na'ura sai ya share ƙofar shago, ya yayyafa ruwa, ya sha kununsa a tsaye. Sannan ya ɗauko famfon keke ya bi kwamfutocin da ke jiran gyara yana hura musu ciki, ƙura da saƙar gizo suna fita. Idan an kawo wata sabuwa, ba ya tambayar mai ita abin da ya faru, don ya ce duk wanda ya kawo kwamfuta amsarsa ɗaya ce: "Haka kawai ta yi." Sai dai ya kunna ta, ya ɗora bakin sukudireba a jikinta, ya kafa kunne a ƙotar, ya yi tsit. A wannan lokacin ko ni ba na magana.

Da rediyo ya fara, tun rediyo yana da girman akwatin amarya. Kaset ya zo ya koyi kaset, bidiyo ya zo ya koyi bidiyo. Da kwamfuta ta iso garin nan, sa'o'insa suka ce su kam sun tsufa da sabon karatu. Shi kuwa ya rufe shago ya tafi Kaduna da furfurarsa, ya zauna ya koya, ya dawo.

Aikinsa da nake so in tsaya a kai shi ne na gidan marigayi Kefas Mai Hoto. Duk wanda ya girma a Zuru ya san labulen Kefas mai zanen jirgin sama. A gabansa aka ɗauki amare da 'yan makaranta da 'yan kokawar bikin Uhola, da samarin da suka shiga soja, waɗanda ba sa tafiya bariki sai sun tsaya an ɗauke su. Kefas ba ya zubar da fim ɗin hoto. Da zafi da laima suka fara cinye su, wasu suna mannewa da juna, sai ya yi shekarun ƙarshen rayuwarsa yana mayar da su cikin kwamfuta. Ya ceci abin da ya ceta, fim ɗin kuma ya ƙarasa lalacewa. Wato abin da ke cikin kwamfuta shi ke nan, babu wani a bayansa.

Ya bar wa matarsa, Madam Beatrice, shagon hoton da ke jikin gidansu da kwamfuta uku: ɗaya a shago, ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin wanke hoto. Hotunan a warwatse suke a cikinsu, wannan yana nan, wancan yana can. A garin nan kuwa idan an yi rasuwa a gidan Kirista, da an gama sanar da dangi sai a aika gidan Kefas a nemo hoton da za a sa a gaban akwati. Mu ma Musulmi, bayan an share makoki, sai ka ga ɗa ya lallaɓa ya je ya tambaya ko akwai na tsohonsa.

A shekarar 2006 kwamfutar falo ta mutu da duk abin da ke cikinta. Japhet ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kasa. Ba a jima ba wani malamin firamare ya zo daga Dabai neman hoton mahaifiyarsa, Beatrice ta duba sauran biyun ta ce masa babu. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya ce ba komai, ya yi godiya, ya hau mashin ɗinsa. Beatrice ta ce da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Washegari ta zo shagon Japhet, ta sa na matsa mata a benci.

"Baban Alice, wuri guda nike so. In zuba su duka, in ina shago in gani, in ina falo in gani. Kuma kada ya mutu."

"Na farkon mai sauƙi ne, Madam. Na ƙarshen, ko ni ba a yi mini alkawarinsa ba."

Okechukwu, mai sayar da kayan wuta a shagon da ke manne da na Japhet, bango bai taɓa hana shi jin magana ba. Ya leƙo da wata mujalla a hannu, ya buɗe ya nuna mata hoto.

"Madam, kar ki wahala, an riga an ƙera shi. Ɗan akwati ne baƙi, bai fi burodi biyu ba. Ki sa waya, ki danna, shi ke nan, duk kwamfutan gida suna ganinsa. Ba ƙara, ba shan wuta, ga garanti. In na sauka Legas in taho miki da shi."

Japhet bai ɗago daga aikinsa ba. "In ya lalace fa, Oke?"

"Garanti, Injiniya!"

"Garantin yana ina?"

"Legas mana."

"To. Gawa tana Manga, garanti yana Legas."

"Naka fa? Tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar injin niƙa. Man janaretan da za ta sha, sai Madam ta buɗe gidan mai."

Haka aka wuni. Ni na goyi bayan Okechukwu da hantsi, na koma wajen Japhet da azahar, da la'asar kuma na kawo shawara ta uku, cewa a zuba hotunan a faifan sidi a huta. Beatrice ta dube ni ta ce, "Malam Talle, sidin da jikokina ke ɗaura wa keke?" Na janye shawarar.

Gaskiyar magana kowannensu yana da hujja. Na saye ƙarami ne, ba hayaniya, ba ya cin wuta, amma cikinsa a rufe yake, in wani abu ya ƙone babu irinsa daga nan har Kontagora. Na haɗi kuwa, kusan kowane yanki nasa ana samu a tarkacen shagon Japhet, in ya cika a ƙara masa wuri, sai dai yana cin wuta, yana cin fili, ga shi mummuna. Abin mamaki, munin nan shi Japhet ya ɗauka ya yi makami da shi. Ya nuna kantar da yake tara na'urorin da suka gagara.

"Dubi waɗannan, Madam. Duk masu kyau ne. Mi ya kashe su? Ba wuta ba ce, ba yara ba ne. Mayafi ne."

Wanda ba ɗan gari ba sai an yi masa bayani. A gidajenmu duk wani abu mai daraja da ya shiga falo sai uwargida ta saƙa masa mayafi da kwarashi: talabijin, rediyo, bidiyo, har kan firji. Na'ura kuwa ta 'yan ramukan jikinta take shan iska. In an lulluɓe ta tana aiki, dahuwa take yi a hankali.

"Akwatin Oke, ranar da ya shigo gidanki ranar za ki auna shi ki fara saƙa masa riga," in ji Japhet. "Nawa kuwa ba macen da za ta ɓata zarenta a kai."

Beatrice ita ce gwanar saƙa a zumuntar matan cocinsu. Ta ce, "Wato zagina kake yi."

"A'a, Madam, hannunki nike yabo."

Ba ta yi dariya ba, amma da za ta tashi ta ce ya haɗa. Daga baya ta gaya mini maganar gawa da garanti ce ta tsaya mata a rai.

Japhet ya jawo wata tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya yar, ya kwashe mata duk abin da ba ta buƙata. Ya sa aka sayo sababbin faifan ajiya biyu, waɗanda masu sana'ar ke kira had-dis. Ranar da na fara jin sunan na gyara zama, na ɗauka wa'azi za a yi. A wajen Okechukwu aka saye su, saboda haka faɗan bai hana shi ciniki ba. Manhajar da za ta tafiyar da abin kyauta ce, amma sai an sauko da ita daga intanet, intanet ɗin Zuru na lokacin kuwa sai mai haƙuri. Japhet ya shiga mota ya tafi Kontagora, ya dawo da ita a faifan sidi, faifan ya ƙi aiki, ya sake komawa. Ranar da ya fara kunna abin, hayaƙi ne ya fito. Okechukwu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya shiga shagonsa ya ɗauko masa madadin abin da ya ƙone, ya ce ya riƙe, kada a ce maƙwabcinsa ya ƙona kasuwa.

Sai da aka kai ruwa rana da Beatrice a kan faifan nan biyu.

"Biyu na saya, ka ce wurin ɗaya zan samu?"

"Duk abin da aka zuba a wannan, yana zuba kansa a wancan."

"Wato ɗayan zaman banza yake."

"Zaman jira yake, Madam."

A sito ya ajiye shi, inda ake tara tukwane da buhunan hatsi. Ya ɗora shi a kan duwatsu yadda ake ɗora rumbu, saboda ruwan damina da ke bi ta ƙasan ƙofa. Ya ja wayoyi ta silin zuwa shago da falo da ɗakin wanke hoto, ya haɗa masa batirin mota don kada ɗauke wuta ya riƙa kashe shi ba shiri. Murfin gefensa ba nasa ba ne, da robar taya aka ɗaure. Ni da na gan shi na ɗauka daga rijiya aka ciro shi. Amma da aka gama kwashe hotunan, Beatrice ta zauna a shago ta danna, sai ga amaren da ke ɗakin wanke hoto sun bayyana a gabanta. Mutanen unguwa suka sa masa suna rumbun Kefas, sunan ya bi shi.

Ya yi ta aiki lafiya har bazarar bara. Da Ista aka yi taron zumuntar mata a gidan Beatrice. Girkin taro kuwa dole sito ya zauna a buɗe, mata suna shiga suna ɗaukar tukwane. Beatrice ta dubi rumbun nan da robar tayarsa, ta dubi baƙinta da suka zo daga Danko da Sakaba, ta shiga ɗaka ta ɗauko wani mayafi mai kauri, ta ninka biyu ta lulluɓe shi. Wata baƙuwa ta ga wuri mai kyau ta ɗora tire. Aka watse, aka manta. Kowa ya san zafin Zuru a watan. Abin ya yi ta 'yar ƙara yana neman agaji, Beatrice ta ɗauka gyare ne.

Ranar da ya yi shiru gaba ɗaya, ranar ce aka kawo wata tsohuwa daga Manga a bayan mashin. Mijinta, Baba Dodo, tsohon soja, ya rasu, washegari za a binne shi. Hotonsa da kaki, wanda Kefas ya ɗauka tun yana saurayi, gara ta cinye na gidansu. Beatrice ta danna, ba abin da ya fito. Ta sake dannawa. Sai ta aika a kira Japhet, ni kuma na bi shi ba tare da an gayyace ni ba.

Ya sauke tiren, ya yaye mayafin, ya taɓa ƙarfen ya janye hannu da sauri. Ya daɗe yana kallon mayafin.

"Madam, ba mun yi magana ba?"

"Kai ka ce mai kyau ake rufewa. Wa ya gaya maka? Wanga abin kunya, baƙi na shiga suna fita, in bar shi tsirara?"

Ba hoton Baba Dodo kaɗai ba ne a ciki, duk abin da mijinta ya bari ne. Japhet ya gaya mini daga baya cewa a nan ya gane rabin lissafi ya yi: mai kyau ana rufe shi don daraja, mummuna ana rufe shi don kunya, babu mai tsira.

Bai yi faɗa ba. Ya cire wayoyi, ya rungumo abin da tsumma ya fito da shi inuwar mangwaro, ya kwance robar, ya buɗe cikin. Ya ce ba za a kunna ba sai ya huce. Tsohuwar ta tambayi me ake jira, aka ce mata mijinta yana cikin akwatin nan, zafi ne ya kama shi. Ta jawo kujera 'yar tsuguno, ta karɓi maficin da ke hannun Beatrice, ta zauna tana yi wa kwamfuta fifita. Ba wanda ya hana ta. Ni na so in ce a yayyafa ruwa, Allah ya taimake ni na yi shiru.

Da ya huce Japhet ya jawo masa wayoyinsa, ya mayar da wuta. Ya ɗora sukudireba a kan faifan farko ya saurara. Yana ƙwas, ƙwas, kamar kaza tana tsattsagar tire. Ya girgiza kai ya zare masa waya. Ya koma kan na biyu, wanda aka ce zaman banza yake. Ya daɗe da kunne a ƙota. Beatrice ta juya baya tana addu'a da yarensu.

"Je ki danna, Madam."

Ta shiga shago. Can muka ji ta ce, "Yesu na gode."

Neman hoton ya ɗauki lokaci, don Kefas ba da suna yake jera mutane ba, da labule yake jerawa: waɗanda aka ɗauka kafin labulen jirgi, da na zamanin jirgi, da na bayan jirgi ya koɗe. A na kafin jirgi aka samu Baba Dodo, siriri, ya ƙame, hannu a ƙirji. Aka buga aka miƙa wa tsohuwar. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta sake kusantowa.

"Shi ne. Amma agogon nan ba nashi ba ne. Bai taɓa mallakar agogo ba."

"Na Kefas ne, Mama," in ji Beatrice tana share ido. "Rabin sojojin Zuru da shi suka yi hoto."

A makon Japhet ya sa sabon faifai a gurbin wanda ya mutu. Sannan ya tafi wajen Arzika mai walda ya sa aka ƙera masa keji na ƙarfe irin akurkin kaji, mai faɗi, yadda ta kowane gefe akwai tazarar tafin hannu tsakaninsa da na'urar. Ya kifa shi a kai ya ce, "To, Madam, saƙa masa duk rigar da kike so. Ki dai bar ramukan da faɗi." Ta saƙa, shuɗiya da fari. Yanzu in ka shiga gidaje da dama a unguwar Rikoto za ka ga irin kejin nan a kan bidiyo da kwamfuta, da mayafinsu a sama, kowa ya samu abin da yake so.

Baban Alice, a nan nake so in juyo gare ka, ko da yake na san in an karanta maka za ka ce surutun Malam Talle ne. Kai ne ka gane cewa ba za ka iya raba matan Zuru da kwarashi ba, sai ka gyara ƙarfe ya bi su. Kai ne aka kama da kuskure a gaban mutane, ba ka tsaya kare kanka ba, ka tafi wajen mai walda. Kai ne har yau kake ajiye da mataccen faifan kwamfutar falon nan a cikin gwangwani, duk lokacin da ka ji wata sabuwar dabara sai ka ɗauko ka gwada, ko mahaifiyar malamin Dabai za ta fito. Ba ta fito ba, kai kuma ba ka yar ba. Mai kunne a ƙotar sukudireba, maginin rumbun da gara ba ta ci, sannu da aiki.

Ba a taɓa kiran sunanka a wajen jana'iza ba, kuma ba na jin za a kira. Amma a gidaje da yawa daga nan har Sakaba akwai fuskar tsoho a bango wadda da ba don kai ba da yanzu sai dai a riƙa kwatanta ta da baki. A madadin masu waɗannan gidaje, da Madam Beatrice, da mu 'yan zaman benci, mun gode. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa dawa ta yi kyau a Manga.

Ku kuma masu tasowa a sana'ar, kwamfuta ce ko walda ko ɗinki, ku yi koyi da shi. Kafin ku buɗe na'ura ku dubi gidan da za ta zauna, da mutanen da za su zauna da ita. Ku yi aikin da in ya lalace za a iya buɗe shi a inuwar mangwaro a gyara. Wannan shawara ce daga wanda bai taɓa riƙe sukudireba ba, amma a wajen mai ita na ɗauko.

Ranar Litinin da ta wuce Okechukwu ya dawo daga Legas da ɗan akwatin nan baƙi, an kai shi gidan Madam Beatrice, ana kwashe hotunan zuwa cikinsa. Japhet ya ce in ya tafi Manga babu wanda zai gane abin da ya haɗa. Shi ne ya ce a sayo.